Katifar da Na Ɗinka Miki

Gwagwarwa, Kano.

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, kina ci kina sha, ƙirjinki a sake. Allah Ya sa jirgi ya sauke ku lami lafiya, Ya haɗa ki da malamai masu tausayi da ƙawaye na kirki, Ya tsare ki daga sharrin da ake gani da wanda ba a gani. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Labarin gida ba zan ba ki ba, don kwana uku ke nan da tafiyarki, ba abin da ya sake.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san da gemuna na koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, kuma ke ce mai gyara mini. Yau babu mai gyarawa, sai ki karanta yadda ya zo.

Tun kafin in yi nisa, ga abin da nake so ki yi. Katifar nan da kika tafi da ita, kada ki ƙara kwana a kanta ko sau ɗaya. Sannan akwai wata ƙaramar takarda a cikin ambulan ɗin nan, ta shugabar makarantarku ce, ki kai mata hannu da hannu. A ciki na gaya mata kina da asma, ciwon nan da mutanenmu ke ce wa fuka, na kuma gaya mata ni ne na ɓoye. Na san abin da za ki ce a ranki: Baba, ai ku kuka ce kada kowa ya sani. Haka ne, ni na faɗa. Abin da ya sa takardar nan za ta yi tsawo ke nan, don abin da na yi shekara takwas ina ɗaurawa ba zai kwance da layi biyu ba.

Kina da shekara biyar aka ɗauke ni aiki a masaƙa a Bompai, muka baro garinmu can wajen Panshekara muka kama ɗaki a gidan hayar nan. Aka sa ni a ɗakin da ake kwance dilolin auduga ana ɗura wa injin da ke tsefe ta. Ba ki taɓa shiga ba, kuma ba na fatan ki shiga. Auduga tana tashi a ciki har ba ka ganin fuskar na kusa da kai sosai. In jiniya ta busa muka fito, gira fari, gemu fari, yaro da tsoho duk ɗaya. Ranar Asabar heluma, mai kula da mu a wurin aiki, yakan bar mu mu share abin da ya taru a ƙarƙashin injuna, kowa ya cika buhu ya tafi da shi. Shara ce, da ƙasa da ɓawon iri da komai a ciki, amma tana da laushi. Asabar bakwai ina ɗauro buhu a bayan keke. Na samo yadi mai ratsin shuɗi, na zauna a ƙofar ɗaki da basilla na ɗinka miki katifa da matashin kai da hannuna.

A gidan nan duka ba yaron da yake kwana a kan wani abu in ba tabarma ba. Mata suka yi ta shigowa suna danna katifar da hannu. Ina jin wata tana cewa, "Malam Garba ya zama Bature, 'yarsa ma a katifa take kwana." Na yi kamar ban ji ba. Amma gaskiya maganar ta yi mini daɗi, daɗin da ya fi ƙarfin hankalina, kuma ke kika sha wahalarsa.

A damunar shekarar ƙirjinki ya fara kuka. Mukan tashi da safe mu tarar da ke a zaune, kin dafa gwiwoyi, kafaɗunki suna hawa suna sauka, wani siririn sauti yana fita kamar ana busa usur daga nesa. Ban kawo katifa a raina ba. Na kira wanzami ya yi miki tsagar nan da ke ƙirjinki har yau. Da ba ta yi ba, aka ba ni wani ganye aka ce a turara. Na zuba shi a garwashi, na zaunar da ke, na lulluɓe ki da bargo. Ina jin kina dukan bargon da hannu daga ciki, ni kuwa na danne bakinsa da ƙafa don kada hayaƙi ya fita, ina cewa, "Daure, daure, magani ne." Da na yaye, ba ki iya ko kuka ba. Ban taɓa ba ki haƙuri a kan wannan ba. Ina ba ki yanzu.

A can ma za ki sami masu magani. Kowace yarinya tana da kaka, kowace kaka tana da abin da ta sani. Wata za ta ce shaƙi wannan, wata ta ce ƙona wancan. Ba mugunta ba ce, ni ma ba mugunta ta sa ni ba. Ki yi godiya, amma duk abin da yake hayaƙi, ko na turaren wuta ne, ko na fitila mai baƙin harshe, ko na ciyawar da aka tara aka cinna wa wuta, ki tashi daga wurin. In an ce kin cika iyayi, ki bari a faɗa.

Kin tuna ranar sunan ƙanenki Sani? Ba na jin kin tuna duka, ni kuwa ba abin da na manta. Tun safe tukwane biyar ke kan murhu a tsakar gida, itacen ɗanye ne, ga turaren wuta a kowane ɗaki saboda baƙi. Ina zaune a ƙofar gida da maza ana rabon goro, sai ga ki kin fito daga zaure kina dafa bango. Leɓenki ya yi toka-toka. Ba ki yi magana ba, don babu iskar yin ta. Kika tsaya kina kallona.

Ke 'yar fari ce. Yadda aka tashe mu, mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Ga surukaina a zaune, ga liman. Na kawar da kai na ce, "A gaya wa mata su zo su shiga da yarinyar nan."

Tanko ne ya tashi, abokin aikina, Bazazzagin nan mai yawan tsokanata. Ranar ba da wasa ya yi magana ba. Ya ce, "Kai Bakano, kunyar taka ta fi ranta ne? Shiga da ita ina, cikin hayaƙin? Kawo keken!" Ya sungume ki ya ɗora a kafaɗa, ya hau da hannu ɗaya ya nufi asibiti. Ni na biyo baya a ƙafa, ina riƙe da takalminki ɗaya da ya faɗi a ƙofar gida. Duk tsawon hanyar abin da ke hannuna ke nan.

Kunya abu ne mai kyau, ba zan ce ki yar da ita ba. Amma akwai wurin da ba nata ba. In kin ji ƙirjinki ya ɗaure, ko a tsakiyar aji ne, ko ana taro shugaba tana magana, ki ɗaga hannu ki fita ki nemi taimako. In kuma wata ce ta faɗi a gabanki, kada ki tsaya duba wa ke kallo. Ki zama Tanko, kada ki zama ni.

A asibiti aka yi miki allura, cikin ɗan lokaci numfashi ya dawo, kika yi barci a kan benci. Malamin asibitin, dattijon nan mai tabarau da kika sani, ya kira ni gefe. Ya tambayi inda nake aiki, na faɗa. Ya miƙa hannu ya ciro wani zaren auduga daga hulata, ya ɗaga shi yana dubawa.

Ya ce, "A kan me take kwana?"

Na ce, "Katifa, ranka ya daɗe." Har da ɗan alfahari na faɗa.

"Da me aka cusa ta?"

Na gaya masa. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce ciwon nan asma ne. Ba a ɗaukarsa a moɗa ko a kwano, ba irin tarin nan ba ne da ake ware mutum saboda shi. Ba ya tafiya gaba ɗaya, amma mai shi yana iya karatu da aiki da aure, ya tsufa kamar kowa, in an raba shi da abin da ke tayar masa. Ya ce in fitar da katifar da matashin a ranar, in riƙa tuɓe kayan aiki a waje in wanke kaina kafin in shiga ɗaki, a kuma daina turare. Ya ba da ƙananan ƙwayoyin nan farare.

Bayan mako biyu muka koma. Ya ce, "Ka fitar da katifar?" Na ce, "Na fitar." Kina tsaye a gefena kina jina.

Ban fitar ba, kin sani. Na shanya ta a rana, na bubbuge ta da sanda, na ƙara mata riga, na mayar. Na daɗe ina gaya wa kaina wai tausayinki ne, kada bayanki ya yi ciwo a ƙasa. Ba haka ba ne. Me zan ce wa matan da suka danna ta da hannu? Wannan ɗaya ke nan. Na biyun ya fi muni. In katifar ce, to ni ne. Ni na ɗauko ciwon a bayan keke, Asabar bakwai, na ɗinke shi da basilla na shimfiɗa miki. Zuciyata ta ƙi ɗaukar wannan. Sai na fara cewa ai dangin Innarki dama ba su da ƙarfin ƙirji, wai wani kawunta ma haka ya yi ta fama. Na faɗa a gaban mutane ba sau ɗaya ba. Innarki ba ta taɓa mayar mini da magana ba. Ta daina turaren wutar da take so tun tana budurwa, ta kyautar da kaskonta, ta ɗauki laifin da ba nata ba ta riƙe. Ni kuwa ko rigar aiki ban daina shiga da ita ɗaki ba, don ina ganin tuɓewa a waje kamar a ce aikina ƙazanta ne.

Duk wanda zai ba ki magani, ki gaya masa gaskiya ko da za ta kunyata ki. In kin manta shan ƙwaya ki ce kin manta. In kin yi abin da aka hana ki ce kin yi. Shi da abin da kika faɗa zai yi aiki, in kin ba shi ƙarya a kan ƙarya zai ɗora maganinsa. Kuma ki sami shafi ɗaya a bayan littafinki, duk ranar da ciwon ya tashi ki rubuta inda kike da abin da kike yi kafin ya tashi. Bayan 'yan watanni shafin zai gaya miki abin da ke tayar miki. In ya nuna wani abu da kike so, ki yarda da shafin.

Ni an nuna mini ƙarara ban yarda ba. Shekarar da kika gama aji uku muka kai ki hutu wurin Iya, mahaifiyata, kika yi wata guda. Da na je ɗaukarki na same ki kina tsere da 'yan akuya a bayan gida, kumatunki sun ciko. Iya ta ce, "Ko tari ɗaya ba ta yi ba. A tabarma take kwana kusa da ni, taga a buɗe."

Na ce, "Canjin ruwa ne, Iya. Ruwan nan na Challawa ya karɓe ta."

Ta dube ni ta ce, "Garba, ruwan famfon naku na birni daga ina ake turo muku shi, in ba daga Challawan ba?"

Matan gidan suka yi dariya, ni ma na yi. Na ɗora ki a keke muka dawo, kwana huɗu ƙirjin ya koma kuka.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, don katifa ana iya fitar da ita a yini ɗaya, wannan kuwa a cikinki na cusa shi. Wata maƙwabciyarmu ta ware miki moɗa a bakin randa, ta hana 'ya'yanta cin abinci kwano ɗaya da ke. Da na je na maimaita mata abin da malamin asibiti ya faɗa, da magana ta ƙare. Ban je ba. Ke na kira na ce, "In kin ji ya taso, ki zaga bayan ɗaki sai ya lafa. Kada ki bari a ji. Ƙwayar ma ki sha a ɓoye." Kika ce to. Ke yarinya ce mai jin magana, kika koya har kika ƙware. Kin iya jan numfashi a hankali yadda na kusa da ke ba zai ji ba. Kin iya murmushi alhali ƙirjinki a ɗaure yake. Sau nawa Innarki ta same ki a bayan ɗaki, tsakanin bango da tulin itace, ke kaɗai, kina kokawa da iska?

Na kuma hana ki wasa. 'Yan mata suna gaɗa a waje, ke kina bakin ƙofa kina bi da leɓe. Na hana ki gudu, na hana ki zuwa ɗiban ruwa da sa'o'inki, na hana ki kwana gidan biki. Da ba ki da abin yi sai kika rungumi littafi. Yau mutane suna yaba mini, wai na yi sa'ar 'ya mai natsuwa. Nakan ce alhamdu lillahi, amma na san inda rabin natsuwar ta fito. Ciwon bai raba ki da ƙawaye ba, ni na raba ki.

To a can kada ki zauna a bakin ƙofa. In ana wasa ki shiga. Ki fara a hankali, in kin ji alamar ɗaurewa ki tsaya ki huta, in ya sake ki ki koma. Ke kaɗai za ki san iyakarki, kuma ba za ki san ta a zaune ba. Ki zaɓi yarinya ɗaya cikin masu kwana kusa da ke, wadda kika ga tana da hankali, ki gaya mata komai: yadda yake farawa, inda ƙwayarki take, wanda za ta kira. Ƙwayar kuma kada ta zauna a ƙasan akwati inda na ce ki tura ta. Ki ƙulle ta a ƙyalle ta zauna a aljihunki. In an raba aiki aka ba ki shara, ki roƙa a musanya miki da ɗiban ruwa ko wanke-wanke, in ba a yarda ba ki yayyafa ruwa sosai kafin ki sa tsintsiya. Kada ki yi rige-rigen goge allo don malama ta yabe ki. In ya tashi kada ki kwanta, ki zauna ki jingina gaba, ki sassauta ɗaurin zane. In kin sha ƙwaya bai lafa ba, ko magana ta fara gagarar ki, ba jira, a kai ki wurin allura. Kada ki ce bari gari ya waye, kada ki ce kada in tashi mutane. Ki tashe su.

Da sakamakon jarrabawarku ya fito aka ce kin sami sakandare, makaranta ta aiko da takardar cikewa. Kin tuna mun je ofishin hedimasta tare, kika tsaya a bakin ƙofa. Ya yi ta karantowa ina amsawa, har ya zo inda aka ce ko yarinya tana da wani ciwo mai tashi lokaci lokaci. Na ce babu. Ya ajiye alƙalami. Shi ne mai riƙe da rajista, ya san kwanakin da kujerarki take zama ba kowa.

Ya ce, "Malam Garba, babu?"

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Ya dube ki, kika sunkuyar da kai. Ya rubuta, na sa hannu. Tsoro nake ji kada a ce ba a ɗaukar marasa lafiya, a ba wata gurbinki, bayan duk unguwa ta ji 'yar Garba za ta sakandare. Ranar da likita ya duba ku kuwa ƙirjinki shiru, na ce Allah Ya rufa asiri. Ban tsaya na yi tunanin cewa ina tura ki tafiyar kwana da yini, cikin mutanen da ba wanda ya san ki, da ciwon da zai iya shaƙe ki, kuma na rufe bakin kowa har da naki.

A cikin kayan da aka ce ku zo da su akwai shimfiɗa. Na farke tsohuwar katifar, na ga audugar ta dunƙule, na ƙaro sabuwa buhu biyu daga masaƙa na cusa, na yi mata sabuwar riga. Ana jibi za ki tafi Iya ta zo sallama, ta taho da sabuwar tabarmar kaba a naɗe da bargon saƙi wankakke. Ta same ni ina ɗinke bakin katifar.

Ta ce, "Ga shimfiɗar ƙawata na kawo."

Na ce, "Iya, 'ya'yan manya ne a can. Yarinya ta sauka daga jirgi da tabarma a ka?"

Ta dubi basillar da ke hannuna. Sannan ta ce, "Katifar nan, don bayanta kake yi ko don idon mutane?" Na ci gaba da ɗinkina. Ta jingina tabarmar a bayan ƙofa, ba ta ƙara magana a kai ba har ta koma.

A tasha na ɗora miki naɗin katifar a ka don ki shiga da ita. Da ta sauka a kanki wata 'yar ƙura ta tashi daga ɗinkin, na gan ta a cikin hasken rana. Kika yi tari sau biyu. Kika haɗiye na ukun. Sannan kika juyo kika yi mini murmushin nan. Na san shi, ni na koya miki. Jirgi ya tashi ina tsaye, ban ce komai ba, don akwai mutane.

Washegari Litinin na koma aiki. Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ko Innarki: kusan shekara guda ke nan, duk ranar Litinin in na shiga ɗakin auduga bayan hutun Lahadi, ƙirjina yakan ɗaure kamar an ja shi da igiya, sai wajen Laraba ya sassauta. Da yawa cikin tsofaffin ɗakin haka suke, ba mai faɗa. Wannan Litinin ɗin ya fi na kullum. Kafin azahar na kasa ɗaga dila. Na lallaɓa na fita, na zaga bayan ɗakin injin, na tsuguna tsakanin bango da tulin buhuna, na dafa gwiwoyi. Ina jan iska tana ƙin shiga. Sai na ga inda nake. Bayan ɗaki na zago, ni kaɗai, don kada a ji. Tsoron da na ji a wurin ban taɓa jin irinsa ba, ni babban mutum. Ke kuwa tun kina shekara shida kike shiga wannan tsoron, kuma ni na nuna miki wurin da za ki shige shi.

Nan Tanko ya same ni. Ya tsaya a kaina ya ce, "Bakano, me kake ɓoyewa a nan, goro?" Da ya ga fuskata ya daina dariya, ya tsuguna ya riƙe mini kafaɗa har ya lafa. Na gaya masa komai, har da takardar hedimasta. Ya ce, "Wallahi da a Zariya ne da tuni mun yi maka wanka da ruwan kanwa ko kanka zai washe. Tashi mu je asibiti, kai da bakinka."

Jiya na je. Dattijon yana nan, ya ƙara tsufa. Bayan ya duba ni na ce, "Ranka ya daɗe, shekarun baya na ce muku na fitar da katifar yarinyar nan. Ban fitar ba."

Ya ce, "Na sani, Malam Garba. Duk zuwan da take yi, da zaren auduga a kitsonta."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Bai yi mini faɗa ba, kuma hakan ya fi faɗa zafi. Shi ne ya ce in rubuta wa shugabarku. Na rubuta nawa da Hausa a sama, shi kuma ya ƙara layuka da Turanci a ƙasa, ya faɗi sunan ƙwayarki da allurar da ake yi miki, ya kuma ce ciwon ba ya hana karatu kuma ba ya yaɗuwa.

Nawa ɓangaren ke za ki fassara mata, don an ce ba ta jin Hausa. Ina roƙonki kada ki gyara mini shi yadda kika saba gyara mini rubutu. Inda na ce na yi ƙarya, ki ce ƙarya. Kada ki ce mantuwa, kada ki ce ban fahimci tambayar ba. Inda na ce yarinyar ba ta da laifi, umarnina ta bi, shi ma ki faɗa da ƙarfi.

Ban san abin da za ta yanke ba, kuma ba zan yi miki alkawarin da ba a hannuna yake ba. Mai yiwuwa ta karɓa ta sa a kula da ke. Mai yiwuwa ta ce an yaudare su, ki koma gida. Na san abin da karatun nan yake a wurinki, na san da me kika same shi, kuma in aka dawo da ke ni na jawo. In hakan ta faru za ki same ni a tasha, ni zan ɗauki akwatinki a kaina mu ratsa unguwa, duk wanda ya tambaya ni zan ba shi amsa, sannan mu sake neman wata makarantar da gaskiya. Amma in kika riƙe takardar nan kika ɓoye don ki rufa mini asiri, wata rana ciwon ya tashi ba wanda ya san abin yi, wannan ba ni da inda zan kai shi.

Katifar kada ki farke ta, kada ki bubbuge ta, kada ma ki ɗauke ta da kanki. Ki roƙi a fitar miki da ita. Kafin shimfiɗa ta iso ki ninka zannuwanki ki kwanta a kai. Tabarmar Iya da bargon suna hanya, na ɗaure su da kaina na kai tasha yau da safe, jirgin jibi zai taho da su. In wata ta yi dariya ta ce 'yar Kano da tabarma, ki ce kakarki ce ta ba ki, kuma a kanta kike barci har safe. Matashin da ya rage a ɗaki na fitar da shi na ƙone a bayan gari. Matar nan mai ware moɗa ta tambaye ni dalili, na tsaya a tsakar gida na gaya mata, kowa yana ji. Na kuma ba Innarki haƙuri a kan maganar danginta. Sai ta tashi ta ɗebo mini ruwa ta ajiye a ƙofar ɗaki, ta ce in tuɓe rigar a nan.

Saura abu ɗaya. Shekara goma sha uku ban taɓa kiran sunanki ba. Ke nake cewa, ko yarinyar nan. Ranar sunan Sani ma abin da na ce ke nan. Yau dole na rubuta shi a bayan ambulan, don ma'aikatan gidan waya ba su san yarinyar nan ba. Sai da na gwada sau uku a wata takarda kafin in rubuta shi a jikin ambulan. Tun da na iya rubuta wa baƙi, bari in rubuta miki.

Hauwa'u, in ya taso miki, kada ki zaga bayan ɗaki. Ki tsaya inda kike, ki ja numfashinki da ƙarfi, kowa ya ji.

Allah Ya buɗe miki ƙirji, Ya sauƙaƙa miki iska dare da rana. Allah Ya sanya tausayinki a zuciyar shugabarku, Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya dawo mana da ke lafiya a lokacin da ya fi alheri. Ki yafe mini, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ki rubuto da zarar kin kai takardar, ko me aka ce.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba.